Jirgin Murray da Wayar Shinge

A duk kwarin Glenrua babu wanda ya kai Murray Tulloch iya gyara, in dai shi aka tambaya. In kuwa matarsa Noeline aka tambaya, sai ta nuna ƙofar kicin ɗinta, wadda tun ranar da ya gyara ta ba a shiga sai a kaikaice. Makiyayin tumaki ne kamar kowa a kwarin, kuma kamar kowa ya yi imani babu abin da wayar shinge ba ta ɗaurewa. Bambancin kawai, sauran mutane sun san inda waya ke tsayawa, shi bai sani ba. Da ita ya ɗaure salansar motarsa, da ita ya riƙe tabaransa, har haƙorin robarsa ya taɓa nufa da ita, sai da Noeline ta ƙwace filaya.

A rumfar askin tumakinsu akwai tsohon jirgin ruwa na marigayi baban Noeline, irin mai zuƙo ruwa ta ƙasa ya feso ta baya, wanda ke gudu a ruwan da bai kai idon sawu ba. Shekara goma sha ɗaya yana nan a ajiye, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Shekara goma sha ɗayan nan kuma babu taron da Murray bai ba da labarin yadda zai tashe shi ba.

Wata safiya suna shan shayi Noeline ta ajiye kofi ta ce, "Murray, jirgin Baba zai fita daga rumfa. Shekara uku ina ce maka tumakin makiyayar bakin kogi suna bukatar kwamin ruwa. Ka ja shi da tarakta ka ajiye a tsakiyar makiyaya, in cika shi."

Saura kaɗan Murray ya ƙware. "Kwami? Jirgin da zan wuce kowa da shi ranar hawan kogi?"

"Wace shekara?"

"Bana!"

"Bara ma bana ce."

Ran maza ya ɓaci. Ya buga tebur, cokula suka yi tsalle. Ya ce Asabar ta farko a watan Disamba, ranar da duk masu jirage ke haura kogi zuwa tsohuwar bukkar mafarauta, shi zai ɗauke ta a jirgin ubanta, kuma su za su fara isa. In bai yi ba, ta mai da jirgin kwami, ta mai da shi kansa bokiti in tana so.

"Kwamin dai ya ishe ni," in ji Noeline. "Saura mako shida."

Kafin azahar labari ya zagaye kwari, domin Murray da kansa ya kai shi. Wanda ya fara zuwa kallo shi ne maƙwabcinsu Wiremu, tsohon da ya fi shekara hamsin yana tuƙa jirgi a kogin nan. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin jirgin, inda ruwa ke shiga, ya taɓa ƙarafan da ke tare bakin ramin. Suka zube a hannunsa, tsatsa ta gama da su.

"Yaro, wannan raga ita ke hana inji haɗiyar tsakuwa. Ka sa a ƙera maka ta ƙarfe a gari. Igiyar totur ma ta ruɓe. Ga tiyon ruwan sanyaya inji ya tsage."

"Baba Wiremu, ku mutanen da, komai sai gari. Ni da nake da waya?"

"Waya ta tumaki ce."

"Waya ta mai basira ce."

Wiremu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "To mai basira, riƙe abu ɗaya. Jirgin nan ba mota ba ne. Feshin ruwa ke juya shi. Ranar da tsoro ya kama ka, ka kashe inji, sitiyari ya mutu, inda hancinsa ya kalla nan za ka."

"Tsoro? Ni?" Murray ya yi dariya har da riƙe ciki. Tsoho ya juya ya tafi abinsa.

Da Murray ya duba sito, ashe wayar ta ƙare. Zuwa gari sayen wata kuwa na nufin haɗuwa da mai kanti, wanda zai tambaya me za a yi da ita, gobe kowa ya ji. Sai ya ɗauki filaya ya gangara makiyayar bakin kogi. Shingen da ke tsakanin tumaki da ruwa layi bakwai ne na waya. Ya tsaya ya yi lissafi irin nasa: tunkiya ba ta iya ƙirga ba, ina ruwanta da bakwai ko shida? Ya yanke layi guda tsakanin turaku biyu, ya naɗe, ya koma rumfa yana fito.

Da ita ya saƙa sabuwar raga, ya ɗaga ta sama yana yaba wa kansa. Washegari igiyar totur ta ci layi na biyu. Hannun birki ya ci na uku. Tiyon ruwa ya sha ɗauri da na huɗu. Kujerar direba, bayan an kori kaji, ta ƙi tsayuwa, sai da na biyar.

Tunkiya dai ba ta iya ƙirga ba, amma ta iya gane ƙofa. Ranar Talata da sassafe Wiremu ya bayyana a bakin rumfa, riƙe da kututturen kabeji guda ɗaya.

"Ka san wannan?"

"Kabeji ne."

"Jiya kabeji ne, shi da 'yan'uwansa arba'in. Tumakinka sun kwana a lambuna. Ta ina suka fita?"

Murray ko ƙifta ido bai yi ba. Ya nuna karensa Tip, wanda ke kwance a inuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. "Wannan ne. Ya tsufa, ƙwaƙwalwa ta juye. Da kansa yake tura ƙyaure ya kora su waje."

Wiremu ya dubi kare, kare ya dube shi. "Karen da ke buɗe ƙyaure, ai shi ya kamata ka ba gyaran jirgin."

Ranar Lahadi tumakin suka halarci coci, suka cinye furannin maƙabarta. Nan ma Tip ne. Murray ya riƙa zuwa yana jingina rassan itace a giɓin, iska tana kwashewa, yana sake jinginawa. Bai fasa yanka ba kuwa, domin tankin mai na rawa, batir na zamewa. Kafin mako na huɗu ya ƙare, tsakanin turakun nan biyu babu abin da ya rage sai iska.

Sai fenti. Fentin jirgi yana gari, shi kuwa jan fentin da ake yi wa tumaki shaida ga shi cike da garwa a rumfa. Kowane yaro a kwarin ya san an yi shi ne don ya wanku daga ulu, amma Murray ya ce ja ja ne. Ya shafe jirgi tas, ya rubuta suna da manyan baƙaƙe a gefe: GUGUWA.

Ranar gwaji ya ja jirgin da tarakta zuwa ɗan tafkin bayan gida, wanda daga shi ake tura wa tumaki ruwa. Ya ɗaure hancinsa a jikin itace don kada ya gudu. Abin da bai duba ba shi ne inda bayan jirgin ya kalla, wato igiyar shanyar Noeline, wadda ke ɗauke da fararen zannuwan gado takwas. Angus, ƙanen Noeline, kuma shugaban ƙungiyar masu jirage, ya tsaya da sabuwar motarsa a bakin hanya don ya ba idonsa abinci.

"Suruki, in ya tashi ka yi mini alama, kada in ɗauka tari kake yi!"

Murray ya murɗa makulli. Abin mamaki, inji ya tashi. Abin takaici, ya yi aiki. Ya ɗan taɓa totur, jirgi ya zuƙi tafki, ruwa da laka da gansakuka da jan fenti, ya watsa su baya da ƙarfin da ya tuge turken shanya. Agwagi suka tashi sama suna kururuwa. Kafin ya lalubo makulli, feshin ya fasa gaɓar tafkin, sauran ruwan ya bi gangare ya tafi abinsa.

Noeline ta fito ta tsaya. Ta dubi zannuwanta, sun koma kalar ɗanyen nama. Ta dubi tafki, ya koma kwano.

Murray ya miƙe a cikin jirgi, laka na ɗiga daga hularsa, ya ware hannu. "Kin ga ƙarfi? Kin ga ƙarfi, Noeline? Ko rabin totur ban taka ba!"

"Na gani. Yanzu tumaki da bokiti za a ba su ruwa, kuma na san mai ɗauka."

Angus ya kifa kai a sitiyari yana dariya har hon na ƙara. "Yaya, ki bar shi! Ban taɓa ganin jirgin da ya kawo kogi gida ba!"

Mako biyun da suka rage Murray ya yi su ne yana jigilar ruwa da bokiti safe da yamma, amma bakinsa bai mutu ba. A kanti ya ce shi da ya ga ƙarfin injin nan har tausayin sauran jirage yake ji. A wurin gwanjon tumaki ya ce zai isa bukka, ya dafa shayi, ya sha, ya wanke kofi, kafin a jiyo ƙarar Angus. Ya sake shafa jan fentin nan, domin shi a wurinsa laifin tafki ne.

Ranar hawan kogi ta zo da rana mai kyau. Duk kwarin ya hallara a ƙarƙashin gada, inda ake sauke jirage. Mata sun jera kek da fulas ɗin shayi a kan tebura, Angus ya ɗaura gyauton girki yana juya haƙarƙarin rago a kan wuta, motarsa na sheƙi a bayansa. Jirage goma sha biyu suna kan ruwa. Daga nan ana hango kwanar farko, inda kogi ya karkata hagu, makiyayar Murray kuma tana miƙe sosai a gabanta.

Sai ga tarakta tana tafe, Guguwa a bayanta ja wur, Murray sanye da farar hular kyaftin da babu wanda ya san inda ya samo ta. Yana sauke jirgin, ruwan da ke kewaye ya fara yin ja. Harafin farko na sunan jirgin ya narke, na biyu ya bi shi.

"Suruki, jirginka na zubar da jini!" in ji Angus.

"Ka kula da namanka, kada ya ƙone." Murray ya miƙa wa matarsa hannu da yanga. "Uwargida, bismillah. Kujerar gaba taki ce."

Noeline ta gyara zama a kujerarta ta kan tudu. "Je ka kwanar can ka dawo tukuna. In ka dawo da jirgi a ƙarƙashinka, zan shiga."

"Tsoro kike ji?"

"Ƙwarai kuwa."

Murray ya yi wa Tip fito. Kare ya yi tsalle ya shiga, ya shinshina ƙarƙashin kujera, ya shinshina inji, ya yi tsalle ya fita, ya je ya kwanta a ƙafar Wiremu.

"Ka ce ƙwaƙwalwarsa ta juye," in ji Wiremu. "Ni ban ga alama ba."

Jama'a suka kwashe da dariya. Kunnen Murray ya yi zafi. Ya tayar da inji, ya juya hancin jirgi sama, bayansa ya fuskanci taro, ya ɗaga hula ya ce, "Ku buɗe ido da kyau, don ba za ku daɗe kuna ganina ba!" Ya taka totur har ƙasa.

Aka ji wata ƙara kamar an zuba cokula a injin niƙa. Ragar waya ce ta shige ciki, ta fito ta baya gutsi-gutsi. Tana tafiya, inji ya buɗe baki ya kama zuƙar tsakuwar kogi yana harbin jama'a da ita. Fulas suka tarwatse. Kek ya sha duwatsu. Matar fasto ta shige ƙarƙashin tebur, fasto ya tarar da ita a can. Angus ya kare kansa da murfin tukunya, yana ji gilashin sabuwar motarsa ya ce tas, ya zube a kan kujera. Haƙarƙarin rago ya yi wanka.

Murray bai ga ko ɗaya ba. Jirgi ya ɗaga hanci ya cilla, iska ta ɗauke hular kyaftin, shi kuwa ihu yake yi don daɗi. Gaskiya jirgin ya yi gudu, wannan babu mai ƙwace masa. Daɗin ya kai daƙiƙa goma sha biyar.

Abu na farko, ya ji sanyi a ƙafa. Tiyon da ya ɗaure da waya ya kuɓuce, ruwa na bulbulowa cikin jirgi. Abu na biyu, ya ɗaga kai ya hango kwana, ya ga hanyar hagu da zai bi cike da tumaki. Nasa ne, ga jar shaidarsa a bayansu. Sun fito ta giɓin nan, sun gaji da ruwan bokiti, sun jeru a ruwa mara zurfi suna sha hankali kwance.

Ya ɗauke ƙafa daga totur. Totur ya zauna inda yake, domin wayar shinge in ta lanƙwashe ba ta san komawa ba. Ya finciki hannun birki, hannun ya biyo shi. Ya dube shi, ya jefar a kogi. Ido ya raina fata.

Daga ƙarƙashin gada Wiremu ya haɗa hannu a baki yana kwarma ihu: "Kada ka kashe! Bi ta gefensu! Yaro, kada ka kashe!"

Ko ya ji ko bai ji ba, mutumin da ya ce bai san tsoro ba ya kai hannu ya murɗe makulli. Inji ya yi tsit. Ya juya sitiyari hagu, ya juya dama, ya juya har sau uku kamar mai tuƙa tuwo, jirgi ko gezau. Inda hancinsa ya kalla nan ya nufa. Ya hau tsakuwar gaɓa yana ƙara, ya haye tudu, ya ratsa tsakanin turakun nan biyu ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, tun da babu abin da zai tare shi, ya zame a kan ciyawa, ya yi juyi ɗaya, ya tsaya cak a tsakiyar makiyaya. Ya karkata gefe, ruwan cikinsa ya taru har gwiwar Murray.

Duk taron ya kwaso a guje ta bakin gaɓa. Tip ya riga kowa. Ba wanda ya sa shi, ya zagaye tumakin nan, ya tattaro su daga kogi, ya koro su ta giɓin zuwa makiyaya. Tunkiyar gaba, wadda aka katse wa shan ruwa, ta zo ta leƙa jirgi, ta ga ruwa, ta tsoma baki. Sauran suka kewaye. Jama'a suka iso suka tarar da Murray zaune a kujerar direba, riƙe da sitiyari, tumaki talatin suna sha ta kowane gefensa.

Wiremu ne ya tsaya a giɓin. Ya shafa turke ɗaya, ya ga guntayen waya bakwai da sawun filaya. Ya taka zuwa jirgi ya leƙa: waya a totur, waya a kujera, waya a tanki, waya a batir. Ya cire hula ya sosa kai.

"Jama'a, ku zo ku ga shingen da ya tafi yawon kogi ya dawo gida. Ashe kabejina jirgi ne ya ci." Ya sunkuya ya shafa kan kare. "Tip, ka yafe mana."

Angus ya iso yana haki, murfin tukunya har yanzu a hannunsa, tsakuwa a gashinsa. "Suruki, ina shayin? Ka ce kafin mu iso ka dafa!"

Murray ya yi gyaran murya. Ko a nan bai haƙura ba. "Ku ba ku gane ba. Da gangan na fito da shi, don in ceci dabbobi. Ba kowane direba ne zai saita tsakanin turaku biyu a wannan gudun ba. Gyara kaɗan ya rage, in na sami waya..."

Dariyar da aka yi har tumaki suka ɗago kai. Sai jama'a suka dare, Noeline ta shigo, tana tafe a hankali, jakarta a hannu. Ba ta dubi mijinta ba. Ta zagaye jirgin, ta auna nisansa da shinge da ido, ta dubi inuwar itacen da ke kusa, ta gyaɗa kai.

"Nan ne daidai. Ko da tarakta ba za a ajiye shi haka ba." Sannan ta juyo gare shi. "Shekara talatin da ɗaya da aurenmu, Murray, yau ne ka fara kai abu inda na ce, a ranar da ka ce."

Murray ya dubi tumakin, ya dubi sitiyarin da ke hannunsa.

Noeline ta buɗe jaka ta ciro filaya, ta ɗora masa a cinya. "Fito musu daga kwami, suna sha. Shingen nan layi bakwai ne, kuma ka san inda kowanne yake."